Wendell da Tsaninsa a Fadamar Mims

Mu mutanen Mims, a jihar Florida, ba ma tsayar da aiki don an harba kumbon 'yan sama jannati. Idan kana cikin gida, gilashin taga zai yi ta kakkarwa, karnukan unguwa su hau haushi, kofunan da ke kan kanta su ɗan gogi juna, sai ka ce, "To, ya tashi," ka ci gaba da abin da kake yi. Ni kaina sau da yawa yana tashi ina riƙe da almakashi a kan wata, don gyaran gashi ne sana'ata, kuma ba a barin kai rabi a gyare saboda wuta a sama. Abin da ke damun mu baƙi ne. Tun ana jibi za su cika gari da manyan motocinsu masu gado da murhu a ciki, su tare hanya, su ƙarar da ƙanƙara da burodi a kantuna, su yi fitsari a gindin lemun mutane, sannan su tsayar da kai su ce, "Don Allah ina ne ya fi kyau a tsaya a kalla?" Kai ka ce ba sama abin zai bi ba.

A cikin duk baƙin da na gani ban ga wanda ya kai Wendell Krause ba, kuma shi ba a titi na tsince shi ba. Mijin ƙanwata ne.

Nadine ta aure shi tana da ƙuruciya, ya tafi da ita Ohio inda yake da kantin kafet. Tun kafin a fara harba irin wannan kumbon mai fukafukai ta bar garin, saboda haka ba ta taɓa ganin tashinsa ba sai a talabijin. Wendell dogo ne, mai tumbi da jan wuya, muryarsa kamar ta mai gwanjo. Bai taɓa yin tambaya ya jira amsa ba. Shi zai tambaya, shi zai amsa, sannan ya gaya maka inda ka yi kuskure.

A shekarar da nake ba ku labari an yi wa Nadine aiki a gwiwa. Likita ya ce ta samu wuri mai ɗumi ta huta, ta ce gidan yayarta take so. Wendell ya yi ta ja, har ranar da ya ji a rediyo cewa za a harba kumbo a makon. Nan take ya ga ashe matarsa na bukatar hutu.

Suka iso ranar Talata da yamma. Ina tsaye a ƙofa na hango motar, da wani dogon tsanin ƙarfe ɗaure a samanta. Nadine ta fito da kyar, tana dogara sanda, fuskarta duk ta faɗa. Shi kuwa ya zagaya ta baya yana duba igiyar tsaninsa.

Na ce, "Wendell, rufin gidana za ka gyara mini?"

Ya ce, "Verna, ke ba ki san komai ba. Duk wanda ya je kallo ba tsani, ƙeyar mutane zai kalla."

A kan abincin dare, na soya kifi da faten masara, ya dinga yi mini lacca a kan kumbon da nake ji a ƙirjina tun kafin ya san hanyar Florida. Yana kiran 'yan sama jannatin da sunayensu na yanka kamar tare suka yi makaranta. Ya ce ai shi mai biyan haraji ne, don haka ko ƙusa ɗaya ce a jikin abin nan tasa ce, kuma ba zai yarda a ajiye shi a baya ba.

Na ce, "Ga bayan gidana nan. A jera kujeru, a sa wa Nadine matashi a ƙarƙashin ƙafa, a sha shayi mai ƙanƙara. Ta saman lemun can yake fitowa, ba abin da zai tare ku."

Ya ajiye cokali ya dube ni kamar na zage shi. "Kwana biyu ina tuƙi don in kalli abin tarihi ta bayan igiyar shanya? Haba Verna."

Nadine ta ce a hankali, "Ni dai da an zauna a nan ɗin."

Ya ce, "Za ki gode mini gobe."

Da safe za a harba, idan rana ta ɗan ɗaga. Ya tashe mu tun gari bai gama wayewa ba. Ban yi niyyar zuwa ba, amma da na ga yadda Nadine ke cije leɓe tana sa takalmi, na buga wa matan da ke jirana a shago na ce su haƙura sai gobe. Na cusa burodi da naman talo-talo a kula, na shiga bayan mota.

Wurin farko da muka tsaya bakin kogi ne a cikin Titusville, inda kowa ke tsayawa. Kuma gaskiya wurin ba shi da laifi. Ruwa shimfiɗe kamar faranti, can a ɗaya gaɓar ana hango kumbon tsaye, ƙarami kamar alli, fitilu na haska shi. Wasu mutanen Georgia, tsoho da matarsa da jikokinsu, da suka ga sandar Nadine suka matsa, matar ta ba ta kujerarta mai naɗewa, ta juye bokiti ta ce ta ɗora ƙafar a kai.

"Zauna 'yar'uwa, ni ma an yanka mini ƙugu bara. Na san yadda abin yake."

Nadine ta zauna ta yi ajiyar zuciya. Aka miƙo mata kofi. Har ta fara dariya da matar, suna kwatanta ɗinkin likitocinsu.

Wendell ya sauke tsani, ya kafa, ya hau, ya ɗora abin hangen nesa a ido. Bai daɗe ba ya sauko yana girgiza kai.

"Akwai sanda."

Na ce, "Wace sanda?"

"Ga ta can a tsakiyar ruwa, mai alamar jiragen ruwa. Daidai gefen kumbon take. Za ta ɓata mini hoto."

Tsohon nan na Georgia ya ce, "Bawan Allah, ai abin ba a ƙasa zai zauna ba. Da ya tashi ya wuce sandar."

Wendell ya yi masa irin murmushin da ake yi wa yaro. "Kai ka zauna da sandarka, baba. Nadine, tashi mu tafi."

Ta ce, "Wendell, yanzu fa na zauna."

"Gada ta fi. Tana da tsayi. Kowa ya san haka."

Na ga yadda ta miƙa wa matar kofin da ba ta shanye ba, tana ba ta haƙuri kamar ita ta yi laifi. Matar ta dube ni, na dube ta. Muka fahimci juna.

Gada kuwa, abin da kowa ya sani shi ya kai kowa can. Mota kan mota tun daga gindinta, mutane a jingine da ƙarfenta kamar jemagu a reshe. Wendell ya ga wani ɗan sarari tsakanin manyan motoci biyu ya nufe shi, sai wani ƙato mai gemu da rigar da ba hannu ya fito ya tsaya a wurin, ya harɗe hannuwa.

"Wurin ƙanina ne. Ya je sayo ƙanƙara."

Wendell ya sauke gilashi. "Gadar ubanka ce?"

Ƙaton ya ce, "A'a, amma in ka sauko sai mu tambayi naka uban."

Wendell ya ɗaga gilashi da sauri fiye da yadda ya sauke shi. Sai da muka yi nisa ya fara faɗin abin da zai yi wa mutumin da ba don yana tare da mata ba. Wani ɗan sanda ya buga bayan motar ya ce mu yi gaba ko mu juya, ba a tsayawa a nan. Muka juya. Juyawar kanta ta ci lokaci mai yawa, don tsanin ya fi motar tsawo, sai da ya kusa tsone wa wata mai sayar da riguna ido.

Wurin mai rigunan nan ya samo masifar da ta biyo baya. Ya tsaya ba ta haƙuri, ya ƙare da sayen hula mai hoton kumbo, ya tambaye ta inda 'yan gari ke zuwa kallo, wurin da baƙi ba su sani ba. Na san matar, Loretta ce, ni nake rina mata gashi. Duk wanda ya sayi hula sai ta ba shi wani sirri ya tafi da shi, kyauta. Ta ce masa akwai wata hanyar ƙasa a arewa, bayan gonakin lemu, da ke ratsa fadama ta fita bakin kogi, ba kowa a wurin sai tsuntsaye. Ta hango ni a bayan mota ta kashe mini ido.

Na ce, "Wendell, hanyar nan masu kamun ƙaguwa ne ke binta, su ma da rani. An yi ruwa shekaranjiya."

Ya ce, "Kin gani? Ashe kin san wurin kika ɓoye. Haka kuke ku mutanen nan, ba ku son baƙo ya ci arziki."

Na ce, "Komawa wurin mutanen Georgia ya fi. Kujerar tana nan."

"Ba na komawa baya."

Nadine ta jingina kai da gilashi ta rufe ido.

Muka kama hanyar arewa, mu kaɗai, duk duniya na tafiya kudu. Muka wuce kwanar gidana, ina hango rufina ta tsakanin itatuwa. Muka bar kwalta muka shiga jar ƙasa, daga nan sai farin yashi, daga nan sai wani abu da ba yashi ba ba laka ba. Duk ramin da motar ta faɗa sai Nadine ta riƙe gwiwa da hannu biyu. Kaba ta rufe hanya dama da hagu, ta fi mutum tsawo, tana karce jikin motar. Rediyo na ta faɗin cewa komai na tafiya daidai, an rufe ƙofar kumbon, yanayi ya yi kyau. Wendell na amsa wa rediyon kamar da shi ake shawara.

Can sai tayoyin gaba suka nutse. Ya taka mai, motar ta yi kuka ta ƙara zama. Ya sake takawa, laka ta fantsama har gilashin baya. Ya kashe.

"To, nan ma ya isa. Kogin ba nisa, ina jin warinsa."

Ya fita ya kwance tsaninsa, ya rataya kyamara a wuya, abin hangen nesa a ɗaya kafaɗar, sabuwar hula a ka. Ya leƙo ta taga.

"Ku taho."

Nadine ta buɗe ido ta dubi hanyar da ke gabanmu, ruwa kwance a cikinta kashi-kashi. Ta ce, "Da wace ƙafar?"

Ya duba agogo. Na ga yana lissafi a fuskarsa, matarsa a hannu ɗaya, kumbo a ɗaya, kuma lissafin bai ɗauke shi lokaci ba.

"To ku jira a nan. Zan ɗauko miki a hoto, ya ma fi gani da ido."

Ya zare makulli ya jefa a aljihu, don bai taɓa barin makullin motarsa a hannun kowa ba, ko da motar na cikin laka har wuya. Ya miƙa hannu ya ɗauki gwangwanin maganin sauro guda ɗaya da muke da shi. Ya saɓa tsani a kafaɗa ya shiga cikin kaba. Mun daɗe muna jin ƙarar ƙarfen yana bugun rassa, da muryarsa yana zagin ciyawa, har ya ɓace.

Babu makulli, babu rediyo, babu iska, gilasai kuma ba su sauka sai da wuta. Muka buɗe ƙofofi, sauro suka ce sannunku da zuwa. Sauron fadamar nan ba irin na gari ba ne, ta cikin riga suke cizo. Na karyo ganyen kaba biyu muka dinga kaɗawa.

Na ce, "Cikin motar nan tanda ce. Zo mu hau gaba."

Na tallafe ta, ta dafa kafaɗata, da kyar da addu'a ta zauna a kan murfin inji, ta jingina da gilashin gaba. Na naɗe rigar sanyin Wendell da ya bari a kujera na sa mata a ƙarƙashin gwiwa. Na ɗauko kula muka ci burodinmu, har da rabonsa. Gabanmu ba abin da ake gani sai kaba da wani yanki na sama. Wani kada ƙarami ya fito daga ruwan gefen hanya, ya dube mu, ya ga ba mu da wani amfani, ya koma.

Sai Nadine ta ce, "Yaya, kin san ban taɓa cin abinci a teburin farko da aka ba mu ba?"

Na juyo na dube ta.

"Duk gidan abincin da muka shiga. Za a zaunar da mu, in ajiye jaka, in buɗe takardar abinci, sai ya hango wani tebur. Wannan kusa da ƙofa yake, wancan kusa da bayi, wancan fanka na bugunsa. In tashi in bi shi, mutane na kallonmu. Masauki ma haka, sai mun sauya ɗaki. A coci mun zauna a kowane benci. Ranar auren ɗanmu, ana tsakiyar ɗaurawa, ya tashe ni muka koma ɗaya gefen, wai hasken ya fi. Ban ji lokacin da yaron ya ce ya yarda ba. Ina neman inda zan sa jakata."

Na ce, "Ba ki taɓa gaya mini ba."

"Me zan ce? Ba ya duka, ba ya sha, ba ya neman mata. In na faɗa sai a ce tebur ne kawai." Ta kashe sauro a wuyanta, ta dubi jinin a tafin hannu. "Ranar da aka fito da ni daga ɗakin tiyata, na farka ban gan shi ba. Ashe yana can yana faɗa da ma'aikata a sauya mini gado, wai na gefen taga ya fi. Aka gungura ni ina amai. Ni ma ɗin nan da ya aura, Yaya, na san har yau yana waige ko akwai wadda ta fi. Bai samu sarari ba ne kawai."

Na ci gaba da yi mata fifita.

Ba mu san lokaci ya yi ba. Tsuntsaye ne suka fara sanar da mu, fararen nan masu dogon wuya, suka tashi gaba ɗaya daga cikin fadama. Sai wani haske ya ɓullo ta saman kaba, ya fi rana ƙarfi, ba ka iya kallonsa kai tsaye, yana hawa a hankali kamar ba ya so, farin hayaƙi na murɗewa a ƙarƙashinsa kamar ginshiƙi. Shiru, ba ƙara ko kaɗan. Nadine ta kama hannuna.

"Ba ya ƙara?"

Na ce, "Jira."

Ya yi nisa a sama kafin ƙarar ta tsallako kogi ta same mu. Ta zo ta ƙasa tukuna, murfin injin ya hau rawa a ƙarƙashinmu, sannan ta cika sama, kamar ana yaga wani ƙaton ƙyalle da ba ya ƙarewa. Nadine ta saki ihu. Ban taɓa jin ta yi irin wannan ihun ba tun muna yara. Tana dariya, hawaye na zuba, tana dukan mota da tafin hannu tana cewa, "Tafi! Tafi abinka!" Muka bi shi da ido har ya karkata ta kan teku, ya zama ɗigo, ɗigon ma ya ɓace, ya bar hayaƙin iska na karkasa shi.

Ta share fuska da gefen riga ta ce, "Akwai mutane a ciki fa."

Na ce, "Akwai."

"Kuma kowa ya zauna a kujerar da aka ba shi."

Muka yi ta dariya har gwiwar ta fara yi mata zafi.

Wendell ya dawo rana ta take. Laka har cinya, takalmi ɗaya babu, hula babu, fuska ta kumbura da cizo duk da maganin da ya kwashe. Tsanin yana jansa a ƙasa, ƙafarsa ɗaya ta lanƙwashe. Na yi zaton zai ce bai gani ba, har na fara shirya tausayin ƙarya. Ina! Ya gani sarai. Ya isa bakin ruwa, ya kafa tsani, ya hau, ya kalla ta cikin kyamara tun daga farko har ƙarshe. Amma ransa a ɓace yake.

"Akwai wani mutum a cikin kwalekwale," in ji shi, tun kafin ya iso. "Can gabana, a tsakiyar ruwa. Shi ya samu wurin. Da na sani kwalekwale zan nema. Ke Verna, kina garin nan shekara da shekaru, ba ki iya ce mini kwalekwale ba?"

Bai tambayi ko mun gani ba. Bai tambayi gwiwa ba. Ya hango rigarsa a ƙarƙashin ƙafar Nadine ya ce, "Wannan rigar fa ba a wanke ta da ruwa." Ya buɗe kula ya ga wayam, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Kada ne ya cinye."

Fitar da motar wani aiki ne. Ni na taka da ƙafa har gonar lemun su Purvis, na samu babban ɗansu ya zo da tarakta. Yana ɗaura sarƙa Wendell na gaya masa ba nan ake ɗaurawa ba. Mutumin ya miƙe ya ce, "To zo ka ɗaura, yallaɓai," Wendell ya ce ai shi bayansa na ciwo. Da muka hau kwalta kuma muka tarar da duk mutanen da suka je kudu da safe sun juyo arewa, hanya ta cushe. Tafiyar da ba ta kai a shanye kofin shayi ba sai da ta kai mu la'asar. Duk tsawon hanyar yana tsara yadda za a yi a karo na gaba: inda za a samo kwalekwale, ƙarfe nawa za a fita, da yadda Nadine za ta zauna a tsakiya don kada ya kife.

Da muka isa gida na sa mata ƙanƙara a gwiwar, ta kumbura kamar gwanda. Wendell ya yi wanka ya fito yana shafa man cizo, ya ce gobe da sassafe za su kama hanya, don ya bar kanti a hannun sakarkaru.

Nadine ta ce, "Ka gaishe su."

Ya ce, "Su wa?"

"Mutanen kantin. Ni ina nan."

"Likita ya ce kwana biyu sun isa."

"Likita bai ce komai a kan kwanaki ba. Ina nan, Wendell. Na samu wuri na zauna."

Ya yi dariya ya dube ni, yana neman wanda zai taya shi. Na ci gaba da naɗe tawul. Ya ce zafin rana ne ya taɓa ta. Ya ce maganin ciwon ne ke sa ta surutu. Ya ce ni na zuga ta, dama tun ranar aurensu ban ƙaunace shi ba, wannan kam bai yi ƙarya ba. Daga ƙarshe ya ce to ta huta, in ta gama fushin ta hau bas ta same shi, amma ta tabbata ta zauna a gaba, don baya na da jijjiga.

Ta ce, "Sai da safe."

Washegari ya tafi. Ya ɗaura lanƙwasasshen tsaninsa a saman mota da kulawar da ban taɓa ganin ya yi wa mutum ba. Nadine ba ta fito ba, tana ɗaki tana barci, barcin da ta ce rabonta da irinsa tun kafin tiyata.

Ya yi ta bugo waya makonnin farko, ba don ya ba da haƙuri ba, sai don ya tambayi inda take ajiye abubuwa. Ina baturan tocila, yaya ake kunna injin wanki, wane ne likitan haƙoransa. Tana gaya masa cikin natsuwa ta ajiye. Da hotunan suka fito ya bugo ya ce sun yi duhu, laifin masu wankewa ne. Da ya fahimci da gaske take, sai ya koma gaya wa mutanen cocinsu cewa iskar Florida ce ta lalata masa mata.

Gwiwar ta warke kafin sanyi ya wuce. Nadine ta samu aiki a ɗakin cin abincin makarantar firamare, ta koyi tuƙi da tsohuwar motar marigayi mijina, ta kama ɗan gida kusa da nawa. Auren ya mutu a kotu cikin bazara, ba hayaniya.

Ranar da aka gama, da yamma, waya ta yi ƙara a gidana. Na ɗauka na ji muryar wata tsohuwa, siririya, tana rawa. Mahaifiyar Wendell ce, daga gidan tsofaffin da take zaune a Ohio. Na miƙa wa Nadine ina yi mata alama da ido. Ta karɓa a tsaye, ta gyara murya, ta shirya shan faɗa.

Tsohuwar ba ta ji sosai, don haka da ƙarfi take magana, har ni da ke bakin murhu ina jin ta.

"Nadine? An ce kin rabu da shi."

"Eh, Mama. Ki yi haƙuri."

"Haƙurin me? Ni tambaya ɗaya ce da ni. Me ya zaunar da ke har yanzu? Ubansa ma haka yake, ni dai Allah ne ya ɗauke mini shi da wuri."

Suka yi ta hira har abincina ya kusa ƙonewa. Kafin su yi sallama tsohuwar ta roƙe ta, in lemu ya nuna, ta aiko mata da kwali ɗaya, amma kada ta bi ta hannun Wendell.